Ɗan kawuna zai auno min filtar ND guda 200 daga Gwanzu, in tura kuɗin?

Wani mai shagon kayan kyamara a Kano ya rubuto game da filtar ND, wato gilashi mai duhu da ake ɗaurawa a bakin lens don rage hasken da ke shiga kyamara: "Malam, ɗan kawuna da ke Gwanzu ta ƙasar Sin ya samo filtar ND mai juyawa a kan naira 4,000 kowace. Ya ce in tura 800,000 ya auno guda 200, in riƙa sayarwa 15,000 kafin bukukuwan bayan sallah. In tura?"

Ɗan'uwa, kada ka tura. Ban ce ɗan kawunka maci amana ba ne. Amma a duk wasiƙarka ban ga inda ka ce ya taɓa ɗaura filta a bakin lens ya fita rana ya gwada ba. Kai ma ba ka riƙe ko guda ɗaya a hannunka ba, ka riga ka lissafa ribar miliyan biyu. Wannan lissafin ne ke ba ni haushi. Zumunci ya ba ka amana, bai ba shi idon sanin gilashi ba.

Ka san abin da mai ɗaukar bidiyon biki yake saya a wurinka? Yana ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, don haka shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, tana kan 1/50 na daƙiƙa. A ranar Kano da azahar, wannan na tilasta masa tsuke ƙofar hasken lens har kusan f/22, alhali shi buɗaɗɗiyar ƙofa ta f/2.8 yake so, amarya ta fito tar, bayanta ya dusashe. Tazarar nan mataki shida ce, kowane mataki na rage rabin haske, kuma rage shidan aikin ND64 ne. ND8 mataki uku take ragewa, ND1000 goma. Mai juyawar kuwa gilashi biyu ne da ke murɗawa a kan juna, kuma a nan mai arha take tonuwa. Ka murɗa ta kusa da ƙarshe, sai wani baƙin giciye kamar harafin X ya bayyana a tsakiyar hoto, musamman a lens mai faɗi. Launi ma yakan karkata.

Na san wani mai shago da ya yi irin wannan odar ta hannun surukinsa. Mai bidiyo na farko da ya saya ya je kamu da ita. Da ya buɗe aikin a kwamfuta, farin leshin amarya ya koma ruwan toka mai kore-kore, fuskarta kamar wadda ta tashi daga jinya. Uwar amarya ta hana cikon kuɗi. Masu bidiyo sun san juna, labari bai kwana uku ba ya zagaye su. Kwalayen suna nan a ƙasan kanta sun yi ƙura, shi da surukin kuma gaisuwa kawai ta rage.

Sai batun girman bakin lens, wanda ko ambatonsa ba ka yi ba. Lens ɗin Canon 50mm f/1.8 STM bakinsa 49mm ne, 18-55mm na da 58mm, 24-105mm f/4L kuma 77mm. Wanne za a auno maka har 200? Mai ƙaramin ƙarfi filta ɗaya yake saya, 77mm ko 82mm, ya haɗa da zobban ƙarin girma ya yi ta amfani da ita a duk lens ɗinsa. Waɗannan zobban, da ba ka ɗauke su a bakin komai ba, sun fi saurin fita daga shago.

Ka ce ya aiko guda biyar. Ka ajiye musu filtar sanannen kamfani, Hoya ko K&F Concept, guda ɗaya a gefe don kwatance. Ka miƙa wa masu bidiyo biyu da ka sani, su ɗauki farin bango da fuskar mutum da tsakar rana, su murɗa daga farko har ƙarshe, ku kalla tare a babban allo. Idan ta ci jarrabawa, ka yi odar 30, a rubuce, da sunan kamfani da girma da wanda zai ɗauki asara in an canja kaya a hanya. Sauran kuɗin su zauna a asusunka har talatin ɗin su ƙare.