Sukar fim ɗin matasa a Facebook, shin giba ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wasu samari ne suka haɗa ɗan kuɗinsu suka yi fim suka ɗora a YouTube, ba kamfani a bayansu, labarin yara ne da suka gama makaranta ba aikin yi, ɗaya ya faɗa shaye-shaye ɗaya ya shiga ƙwacen waya. Toh mutane sun rabu biyu, wasu na yabo wasu na cewa yaɗa alfasha ne, ni ma na rubuta cewa labarin bai tsaru ba kuma an tsawaita wajen shan ƙwaya, sai wani ya ce wai giba na yi. Malam ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, in dai iya abin da ka faɗa kenan, ba ka yi giba ba. Giba kamar yadda Annabi (SAW) ya bayyana a hadisin Muslim ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, kai kuwa aiki ka taɓa, aikin da su da kansu suka fito da shi bainar jama'a, ai wanda ya baza kaya a kasuwa dole a taya. Wannan nasiha ce, kuma Imamun Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare 6 da ambaton aibi ke halatta, ciki har da gargaɗin musulmi daga cutarwa.

Inda mutane ke zamewa shi ne su bar fim su koma kan 'yan wasan, wance ai bazawara ce, wane dama ɗan wiwi ne shi ya sa ya iya taka rawar, wannan haramun ne, in gaskiya ne giba in ƙarya ne ƙage, Suratul Hujurat aya ta 12 ba ta cire ɗan fim ba.

Su kuma masu cewa yaɗa alfasha ne, su yi hattara, kalma ce mai nauyi, Suratun Nur aya ta 19 azaba mai raɗaɗi ta ambata, ba a jefa ta kan mutum don an ga guntun bidiyo na minti 2 a TikTok. Nuna ɓarna daban, ƙawata ta daban. Alƙur'ani ya ba mu labarin matar Azizu da Annabi Yusuf, ya faɗi rufe ƙofofi, amma ba wanda zai karanta ya ji sha'awar saɓo. Kuma a 2018 sai da aka nuna wa duniya yadda kodin ke cinye yaranmu a rahoton BBC kafin gwamnati ta hana shi. Wallahi yaran nan suna cikin wani hali, ɓoyewa ba ta warkar da su.

Amma in kyamara ta tsaya tana koya wa yaro yadda ake haɗa ƙwaya, ko aka mai da ɗan daba gwarzo, ko akwai tsiraici da rungume-rungume, toh nan wajibi ne a yi magana, a Kano ma akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001 da za a iya kai mata ƙorafi.

Sharaɗinka dai ka kalli fim ɗin duka kafin ka yanke hukunci, ka faɗi alherinsa kamar yadda ka faɗi kuskurensa, in kana da hanyar samunsu ka fara tura musu gyaran ta inbos. Wallahu a'alam.