Cikina ya shiga wata biyar, har yanzu ban ji motsi ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Ni matar aure ce a Tawa, shekaruna 20, kuma wannan ne cikina na fari, yanzu ya shiga wata na biyar. Laulayin da ya wahalar da ni ya tafi, ina cin abinci sosai, amma har yau ban ji motsin ɗa ba, ga jiri idan na miƙe tsaye, ga wani zafi da ke sukata a gefen mara. Na je awo sau ɗaya, aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, sai na daina sha saboda sun sa bayan gidana ya yi baƙi. Maigidana yana biɗa a Abijan, uwar mijina kuma ta ce tunda lafiyata ƙalau, in bari sai wata bakwai in koma. Mene ne abin yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ki kwantar da hankalinki a kan maganar motsi, domin mai cikin fari takan fara jin sa ne tsakanin mako na 18 da na 20, wata ma sai ta kusa mako na 24, alhali wadda ta saba haihuwa tana iya gane shi tun mako na 16. Ba wai ɗan ba ya motsi ba ne. A mako na 20 nauyinsa bai wuce giram 300 ba, saboda haka motsin farko yakan zo ne kamar iska tana yawo a hanji, kuma idan mabiyiya ta zauna ta gaban mahaifa takan ƙara jinkirta jin sa. Idan kika cika mako 24 ba ki ji komai ba, to wannan kam sai ungozomar asibiti ta saurari bugun zuciyarsa.

Jirin da kike ji yana da dalili. A watannin nan na tsakiya, wato daga wata na huɗu zuwa ƙarshen na shida, hanyoyin jini sukan saki, awon jini ya ɗan sauka, sai mace ta ga duhu idan ta tashi da gaggawa, balle a zafin Tawa na watan Afrilu da Mayu. Ki riƙa tashi a hankali, ki yawaita shan ruwa, kada kuma ki daɗe tsaye a rana ko a bakin murhu. Sukar gefen mara kuwa jijiyoyin da ke riƙe da mahaifa ne suke miƙewa, domin a mako na 20 mahaifa takan kai daidai cibiya. Irin wannan zafin yakan zo idan an juya ko an yi tari, ya wuce da an huta. Baƙin layi daga cibiya zuwa mara, duhun fata a kumatu, ƙwannafi da ciwon baya duk suna cikin abin da za ki iya gani, kuma ba cuta ba ne.

Inda ban goyi bayanki ba shi ne barin ƙwayoyin ƙarin jini, musamman da yake jiri kansa yana iya zama alamar ƙarancin jini. Baƙin bayan gida ragowar sinadarin ƙarfe ne da jiki bai ɗauka ba, ba ya cutarwa. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi a da, kuma ruwan jinin ya fi ƙwayoyinsa saurin ƙaruwa, shi ya sa ko mai cin abinci da kyau take bukatar ƙari kullum har ta haihu. Idan suna tayar miki da zuciya, ki sha da dare bayan tuwo. Kada ki haɗa su da shayi, domin shayi yana hana jiki ɗaukar ƙarfen, lemun tsami da goba kuwa suna taimaka masa. Ki kuma nemi hanta, wake, zogale, ƙwai da kifi, tunda na tafkin Tabalak ba ya yi muku nisa. Idan kika ji kina marmarin farar ƙasa ko gawayi, ki gaya wa ungozoma, domin sau da yawa hakan yana tafiya ne da ƙarancin jini.

Maganar Inna, uwar mijinki, kuwa, ba don ƙin ki ta faɗe ta ba. A zamaninsu mace ba ta zuwa likita sai ciwo ya kai ta, ga kuma kunyar cikin fari da muka gada. Sai dai akwai abubuwan da idan watannin nan suka wuce ba a yi su ba, ba sa ramuwa. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, da kuma a yi mata hoton ciki, wato ekografi, sau ɗaya kafin mako na 24, domin a tabbatar da kwanakin cikin, a ga ko tagwaye ne, a kuma duba halittar ɗan. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da Fansidar, ana fara shi ne daga mako na 13, ƙwaya uku a gaban ungozoma, a bar tazarar wata guda tsakanin sha da sha, kuma ana son a sha aƙalla sau uku kafin haihuwa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga mai cikin fari, domin ƙwayar cutar takan ɓuya a mabiyiya ba tare da mace ta ji zazzaɓi ba, ta cinye mata jini, ta sa ɗa ya fito da ƙarancin nauyi. Allurar tetanos ma biyu ce da tazarar wata guda. Wadda ta jira sai wata bakwai, ga al'adarmu ta tafiya goyon ciki gidan iyaye a daidai wannan lokacin, da wuya ta cika waɗannan duka.

Shawarata ita ce kada ki yi jayayya da ita. Ki sa maigidanki ya kira ta ya yi mata bayani da ladabi, sannan ki roƙe ta ta raka ki awo ta ji daga bakin ungozoma; surukar da aka ba girmanta takan zama mai tuna miki ranar komawa. Ki tafi da karnenki, wato katin awonki, ki nemi gidan sauro mai magani, ki kwana a cikinsa kowane dare ko da ba damina ba.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran ranar awo ko izinin wanda ke nesa saboda su: zubar jini komai ƙanƙantarsa, tsinkewar ruwa, zazzaɓi, ciwon mara mai zuwa yana komawa kamar naƙuda, zafin fitsari, da ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi ko kumburin fuska da hannuwa. Wannan na ƙarshen alamar hawan jinin ciki ce, wanda ke bayyana daga mako na 20 kuma yana iya kai wa ga jijjiga. Tun yanzu ku yi magana da maigidanki ya bar izini a fili, ya ajiye kuɗin mota a hannunki, a kuma san wanda zai kai ki asibiti idan abin ya taso da tsakar dare.