Tambaya da Amsa: Wane Ne Ya Ƙirƙiro Intanet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne, kuma gardama ta kaure mana a ɗakin malamai a kan asalin intanet. Wani abokin aikina ya dage cewa sojojin Amurka ne suka samar da shi saboda tsoron yaƙin nukiliya, wani kuma ya ce wani Bature ɗan Ingila ne ya ƙirƙiro shi a 1989. Don Allah a raba mana wannan gardama. Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɗaya daga cikin abokan aikinka ya kamo wani ɓangare na gaskiya, sai dai babu wanda ya kamo ta gaba ɗaya, domin intanet ba aikin mutum ɗaya ba ne, ba kuma a shekara ɗaya aka gina shi ba.

Mai maganar sojoji yana da hujja ta fuskar kuɗi. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, a 1957, hankalin Amurka ya tashi, sai ta kafa hukumar bincike mai suna ARPA a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro a 1958, kuma wannan hukuma ce ta ɗauki nauyin aikin. Amma abin da ya motsa ta bai kai girman yaƙin nukiliya ba. A 1966 wani jami'inta, Bob Taylor, yana da na'urori uku a ofishinsa, kowace tana haɗe da kwamfuta daban a wani gari daban, kuma babu wadda ke jin yaren 'yar'uwarta, ta yadda in ya gama da ɗaya dole ya tashi ya koma kujerar ɗayar. A zamanin kwamfuta guda takan cika ɗaki, tsadarta kuma ta fi ƙarfin yawancin jami'o'i, don haka manufar ita ce masu bincike su riƙa cin gajiyar kwamfutocin juna daga nesa. Zancen nukiliya ya samo asali ne daga Paul Baran na cibiyar RAND, wanda tun farkon shekarun 1960 ya yi nazarin hanyar sadarwar da za ta ci gaba da aiki ko da an ragargaza wani sashenta.

Dabarar da Baran ya kawo, wadda Donald Davies na Birtaniya shi ma ya gano da kansa, ita ce ginshiƙin komai har yau. Ka ɗauka kana da doguwar wasiƙa mai shafi ashirin da za ka aika Kano. Maimakon ka damƙa wa direba ɗaya, sai ka rubuta adireshi da lamba a kan kowane shafi, ka rarraba wa direbobi daban-daban a tasha, kowa ya bi hanyar da ta fi masa sauƙi. Mai karɓa ya jera shafukan bisa lambobinsu, in kuma ɗaya ya ɓata a hanya ya nemi a sake turo shi kaɗai. Haka saƙon WhatsApp ɗinka yake tafiya.

Ranar 29 ga Oktoba, 1969, wani ɗalibi mai suna Charley Kline a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya gwada tura kalmar LOGIN zuwa Cibiyar Bincike ta Stanford. Ya buga L ta isa, ya buga O ta isa, daga nan kwamfutar ɗaya ɓangaren ta tsaya cik. Kafin shekarar ta ƙare an haɗa wurare huɗu a wannan hanya da aka kira ARPANET, kuma a 1971 Ray Tomlinson ya fito da imel tsakanin kwamfutoci, shi ne ma ya zaɓi alamar @ da muke amfani da ita.

A ganina, idan dole sai an ba wani kambun, Vint Cerf da Bob Kahn ne suka fi cancanta. A 1974 suka wallafa ƙa'idojin da suka zama TCP/IP, wato yare ɗaya da kowace irin hanyar sadarwa za ta iya magana da shi, ko ta waya ce, ko ta rediyo, ko ta tauraron ɗan Adam. Ranar 1 ga Janairu, 1983, ARPANET ta koma kan waɗannan ƙa'idoji, shi ya sa masana da yawa suke ɗaukar ranar a matsayin ranar haihuwar intanet.

Baturen Ingila kuwa shi ne Tim Berners-Lee, kuma lokacin da ya miƙa shawararsa a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba a watan Maris na 1989, intanet ya riga ya daɗe yana aiki. Abin da ya ƙirƙiro shi ne tsarin shafukan da ake latsa kalma a ɗaya ta kai mutum zuwa wani, wanda adireshinsa yakan fara da www. Ruɗanin yana ƙaruwa a Hausa saboda mukan ce "yanar gizo" muna nufin duka biyun, alhali intanet kamar titi ne, shafukan kuwa ɗaya ne daga cikin motocin da ke binsa. Ranar 30 ga Afrilu, 1993, CERN ta saki wannan fasaha kyauta ga kowa, kuma a kanta Google ya ginu a 1998, Facebook a 2004.

TAMBAYA: Shin gaskiya ne intanet daga tauraron ɗan Adam yake saukowa cikin wayoyinmu? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Malama, kaɗan ne ƙwarai yake bi ta sama. Wayarki tana magana ne da turken sabis mafi kusa da ke, daga can kuma saƙo yakan bi wayoyin gilashi masu sirantakar gashi da aka binne a ƙasa, har ya kai gaɓar teku, inda wasu wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa suke ƙetarawa da shi zuwa wasu nahiyoyi. Irinsu ne MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a Legas a 2010, kuma da yake Nijar ba ta da gaɓar teku, ta layukan maƙwabtanta take kaiwa gare su. Ranar 14 ga Maris, 2024, wasu daga cikin wayoyin nan suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddibuwa, sai sabis ya yi rauni a Najeriya da Gana da Laberiya da wasu ƙasashen yankin, masu hulɗa da bankuna suka wuni suna fama, kuma sai da jiragen ruwa masu gyara suka shafe makonni kafin a kammala ɗinke su.