Likitanci na nema aka ba ni Kemistiri: ina wannan karatu zai kai ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a jami'a. Likitanci na nema ban samu ba, aka ba ni Kemistiri. Tun da na fara raina bai kwanta ba, domin kowa cewa yake ƙarshen abin alli da allo. Wani kawuna kuma ya ce in kwantar da hankalina, idan na gama zan buɗe kemis, in riƙa haɗa magunguna da mayukan shafawa da kaina, har ya ce in fara tun yanzu tunda akwai masu koyarwa a intanet. Don Allah wane aiki wannan karatu yake kaiwa? Ko in sake neman wani fanni kafin lokaci ya ƙure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba ke kaɗai ba ce. Duk shekara ajin farko na wannan fanni cike yake da waɗanda suka kwana da mafarkin asibiti suka wayi gari a ɗakin gwaji, kuma da yawansu daga baya ko an ba su likitancin ba za su karɓa ba.

Maganar alli da allo ba za ta ci mana lokaci ba. Koyarwa aiki ne, ni ma da shi nake ci, amma ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi. Duk masana'antar da ke fitar da abin da mutum zai sha, ko ya shafa, ko ya zuba a injin mota, tana da ɗakin tantance inganci, kuma a nan mafi yawan ɗalibanmu suke fara aiki: kamfanonin magani, matatun mai, masana'antun siminti da fenti da roba, wuraren tace ruwan sha, hukumomin sa ido kan abinci da magunguna, da ɗakunan binciken 'yan sanda. Takin zamani irin su yuriya da duniya ke noma da shi ya samo asali ne daga aikin Bajamushe Fritz Haber a 1909, wanda Carl Bosch ya mayar masana'anta a 1913. Batirin wayar da kika turo tambayarki da ita, masana uku ne suka karɓi kyautar Nobel ta Kemistiri a kansa a 2019. Ahmed Zewail ɗan ƙasar Masar ya karɓi tasa a 1999. Margaret Thatcher ma, tsohuwar Firaministar Birtaniya, Kemistiri ta karanta a jami'ar Oxford, ta yi aiki a kamfanin roba kafin ta koma lauya, daga baya ta zama 'yar majalisa. Sai dai kada in yi miki daɗin baki: digirin farko shi kaɗai yakan tsayar da mutum a matakin mai gwaji. Mai son jagorantar bincike sai ya ƙara digiri na biyu, sau da yawa har na uku.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato shawarar kawunki. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar nan ina jin ta kusan kullum, kuma tana kashe mutane.

Da farko sunan ne yake ruɗin jama'a. An ji kemis, an ji Kemistiri, sai aka ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Harhaɗa magunguna fanni ne daban, da karatunsa da lasisinsa da hukumar da ke kula da shi. Takardar Kemistiri ba ta ba ki izinin rubuta wa kowa magani ko sayar masa. Ni har fassarar da muke yi, ilimin haɗa sinadarai, ba ta yi mini daɗi, domin tana sa mutane su zaci aikinmu zuba wannan cikin wancan ne a juya da muciya. Haɗawa ita ce mafi sauƙi, yaro ma zai yi. Abin da za ki shekara huɗu kina koyo shi ne aunawa da tabbatarwa: wannan farin garin da ke gabana, shi ne abin da aka rubuta a jikin buhu? Kashi nawa ne tsantsa? Me ya gauraya da shi?

Ga misali kusa da ido. Ki ajiye kwalba biyu a kan tebur, ɗaya da gilisarin, ɗaya da dayetilin gilaikol. Dukansu ruwa ne garai-garai, mai ɗan kauri, marar wari, mai zaƙi a harshe. Na farkon ana zuba shi a maganin tari na yara. Na biyun dangin ruwan birki ne, yana lalata ƙoda cikin kwanaki. Ido ba ya bambanta su, hanci ba ya yi, harshe ba ya yi, sai na'urar gwaji irin kuromatogirafi, mai rarrabe sinadaran da suka gauraya. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da sulfanilamaid, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a cikin na biyun. An duba launi, an duba ƙamshi, an ɗanɗana, ba a gwada ko guba ba ne. Fiye da mutum 100 suka mutu, da yawa yara, kuma dalilin haka aka yi dokar 1938 da ta wajabta nuna amincin magani kafin a kai shi kasuwa. Wanda ya haɗa wannan magani ƙwararren masanin sinadarai ne, ba ɗan koyo ba. Kada ki ce tsohon labari ne: a 2022 wannan guba da 'yar'uwarta etilin gilaikol, a cikin magungunan ruwa na yara, sun yi ajalin yara kusan 70 a Gambiya da fiye da 200 a Indonesiya. Idan masana'antu masu injuna suna faɗawa wannan rami da zarar sun tsallake gwaji, me kike tsammani daga bokiti da ludayi a bayan ɗaki?

Masu bidiyon "koyi haɗa kemikal cikin kwana uku" kuwa, wallahi suna ƙona mini rai. Mutum bai san bambancin etanol da metanol ba, yana koya wa dubban mutane haɗa ruwan tsabtace hannu, alhali metanol kaɗan idan ya shiga ciki yana makantarwa. Wani ya sa a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid don ya ƙara ƙarfi, bai san iskar kulorin yake saki ba, iska mai guba da aka yi yaƙi da ita a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wata tana damun man ƙara haske da sinadarin makuri da sitiroyid, ta sa masa suna mai daɗi, ƙodar mai shafawa da jaririn da ke cikinta su biya bashin. Kostik soda da ake sabulu da ita, ɗigo ɗaya a ido ya isa, amma za ki gan su ba tabarau ba safar hannu, suna awo da murfin kwalba. Idan aka yi magana su ce hassada ce. To ba hassada ba ce, mu ne ake kawo wa ragowar kwalbar bayan an kwantar da mutum, a ce mu duba me ke ciki.

Ba na hana ki sana'a. Sabulu, fenti, turare, duk ɗalibanmu suna kafa kamfanoninsu su yi arziki. Amma da ma'auni suke yi, da takardar shaidar ingancin kowane sinadari da suka saya, da gwajin kowane rukuni kafin ya fita, da rajistar hukuma. Na san bin ofisoshin rajista yana da gajiyarwa, takarda kan kwana a tebur har mutum ya fid da rai, ni ma na sha wannan. Duk da haka jinkirinsu bai halatta a gwada kaya a jikin 'ya'yan mutane ba, kuma rai ɗaya da ya salwanta ta hannunki, Allah zai tambaye ki, ba kawu ba.

Batun canza fanni, ke kika san zuciyarki. Idan marar lafiya kike son gani a gabanki kowace safiya, sake nema, ba abin kunya ba ne, amma kada ki yi sakaci da wannan shekara, kar a yi biyu babu. Idan kin zauna, ki riƙe lissafi da kyau, domin shi yake kayar da mutane a Kemistirin fizikal, reshen da ya fi yawan lissafi, ba haddar oganik, wato ilimin sinadarai masu kabon, da ake tsorata ku da ita ba. Ki naci darasin tantance sinadarai, ki roƙi ma'aikatan ɗakin gwaji su bar ki ki taɓa na'urori da hannunki, domin ranar ganawar neman aiki abin da za a tambaye ki ke nan: wace na'ura kika taɓa sarrafawa? Lokacin horon masana'anta ki nemi inda za a ba ki aiki, ba inda za a sa miki hannu a takarda kawai ba. Littafin gwajinki kuma ki rubuta shi da biro, lambar da kika gani ita za ki rubuta ko da ba ita malami yake jira ba.

Shi kuwa kawu, ki gaishe shi, ki karanta masa labarin kwalaben nan biyu.