Allurar mara lafiya ta soke ni, me zan yi?

Sannu 'yar'uwa. Kin ce allurar da kika yi wa mara lafiya ta soke ki a yatsa jiya a asibitin sha-ka-tafi, kin wanke da ruwa da sabulu. Kin yi daidai, amma yau ɗin nan ki tafi JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a gwada ki, a ba ki maganin kariya daga ƙanjamau. Kafin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28 ba fashi.

Ciwon hanta nau'in B ya fi damuna, ya fi ƙanjamau saurin kama mutum ta allura. In ba ki kammala rigakafinsa uku ba, ki gaya musu.

Ni garin mayar wa allura murfinta ta soke ni. Tun ranar, cikin kwalin zubar da allura nake jefa ta ba tare da mayar da murfin ba.