Haɗa rile tsakanin tamostat da famfon ɗumama gida

Ka ce tamostat ɗinka, wato na'urar daidaita zafin gida, na volt 24 ne, kana so ya riƙa kunna famfon ruwan zafi mai volt 230. Kada ka haɗa su kai tsaye, tamostat ɗin ƙonewa zai yi. Sa rile a tsakani, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa don ya kunna babbar wuta.

Taransifoma mai rage wuta zuwa volt 24 da tamostat su ba koyil ɗin rilen wuta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa mai jan makunnin. Duba jikinsa ka ga an rubuta 24V AC, don na DC karkarwa zai yi ta yi. Wayar wuta ta bi ta fiyus ta shiga mahaɗin rilen da aka rubuta wa COM, ta fita ta wanda aka rubuta wa NO (wanda ba ya ba da wuta sai an kunna rilen) zuwa famfo.

Inda na fi jan kunnenka shi ne ƙarfin rilen: injin famfo yana zuƙar wuta sosai lokacin tashi, saboda haka ɗauki wanda amfiyarsa ta zarce ta famfon nesa ba kusa ba. Kashe babban makunni kafin ka taɓa waya.