Amsa ga ɗan'uwan da zai tafi koyar da Turanci a Tailan

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce wata makaranta a Tailan ta kira ka aikin koyar da Turancin hira, za a ba ka ɗaki a harabar gidan wasu mutanen gari, kuma kana tambaya yadda aikin yake da abin da Musulmi zai ci a gidan da ba na Musulmi ba. Na yi irin wannan zama a lardin Trang da ke kudancin ƙasar, bari in faɗa maka abin da na gani.

Kafin komai, takardu. Bizar da ake koyarwa da ita sunanta Non-Immigrant B, daga nan sai izinin aiki daga ma'aikatar ƙwadago, sai lasisi ko sassaucin wucin gadi daga majalisar malamai ta ƙasar, wadda suke kira Khurusapha. Za a nemi digirinka, kuma tunda ba a lissafa Najeriya cikin ƙasashen da Turanci ne harshen uwa, za a nemi sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEIC. Duk kwana 90 za ka sanar da hukumar shige da fice inda kake zaune. Wanda ya ce maka ka zo da bizar yawon buɗe ido a gyara daga baya, ka yi hattara da shi. Wanda kuma ya ce mota za ta ɗauke ka daga filin jirgin Bankok zuwa Mae Sot, kada ka shiga: garin yana bakin iyakar Myanmar, kuma ta nan aka tsallaka da 'yan Afirka da dama zuwa sansanonin damfarar intanet na Myawaddy da sunan an samo musu aiki. Ka nemi lambar makarantar da kanka, ka yi magana da shugabanta ta bidiyo. Batun albashi kuma kada a rufe ka: Bature yakan fi ka samu ko da kun yi aiki iri ɗaya, haka 'yan Filifin da suka cika makarantun suke fama. Ka sa a rubuta ko ana biyan watan Afrilu, domin hutu ne, kuma makarantu da yawa ba sa biya. Shekarar karatu tana farawa a tsakiyar Mayu.

Shi aikin kansa ba nahawu ba ne. Malaman ƙasar sun riga sun cika yaran da nahawu; za ka ga yarinya ta cike gurbi a takarda babu kuskure, amma ka tambaye ta me ta ci da safe sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Aji ɗaya yakan kai yara 40, kuma sau ɗaya a mako za ka gan su, minti 50. A haka ake so ka buɗe musu baki. Abin da ke ɗaure su tsoron jin kunya ne a gaban 'yan'uwansu, don haka nuna yaro da yatsa ka ce ya tashi ya amsa ba ya haifar da komai sai shiru. Ni bibbiyu nake haɗa su, in bar ajin ya kaure da surutu, ina zagayawa ina saurare. Gyara kuma a allo nake yi wa kowa da kowa, ba na kama suna. Tsawa ba ta aiki a can ko kaɗan. Malamin da ya ɗaga murya shi ne ya zubar da girmansa, yaran za su yi tsit, su kuma rufe maka ƙofa har ƙarshen zango. Za ka lura suna haɗiye baƙin ƙarshen kalma, suna musanya r da l, kuma ba sa damuwa da sauya aikatau don nuna lokaci, saboda harshensu ba ya yin haka. Kai ma ka kula da naka bakin. Mu Hausawa mun san halinmu da p da f, kuma yaro abin da ya ji shi zai kwaikwaya. Ka rage gudu sosai.

Ƙarfe takwas na safe ana taro a ɗaga tuta, a rera taken ƙasa, a yi addu'ar Buda. Ka tsaya da ladabi hannu a sake, babu mai tilasta maka. A watan Yuni akwai ranar girmama malamai, Wai Khru, inda yara ke durƙusawa har ƙasa gaban malamai da furanni. Na gaya wa shugabar makaranta tun da wuri cewa addinina bai yarda a yi mini haka ba, aka bar ni na karɓi fure a tsaye. Haka Juma'a: ranar aiki ce, sai ka roƙa tun ana tsara jadawali a bar maka sa'ar bayan abincin rana. Sannan kada ka taɓa kan yaro, kada ka nuna abu da ƙafa, kuma kada ka sa baki a zancen sarki ko da wasa. Sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15.

To, abinci, wanda na san shi ne ya fi damunka. Trang gari ne da ya yi suna a duk ƙasar da gasasshen alade, har da shi suke karya kumallo. Masu gidan da na zauna mabiya Buda ne, manoman roba. Maigidan tun tsakar dare yake fita da fitila a goshi yana tsaga bishiyoyi, domin a sanyin dare ƙaron ya fi zuba. Ran da na sauka uwar gidan ta aiko ƙaramar jikarta ta kira ni cin abinci. Shawarar da zan ba ka ita ce wadda wani limami a garin ya ba ni: ka faɗi iyakarka a ranar farko, a fili, sau ɗaya, sannan ka zauna ka ci. Mutanen nan suna da kara fiye da yadda kake zato, ba za su taɓa tambayarka ba, kuma in ka riƙa noƙewa kana cewa ka ƙoshi, za su ɗauka girkinsu ne ba ka so. Na sa wata malama ta rubuta mini da harshensu cewa ba na cin alade ko kitsensa ko romonsa, ba na shan giya, kuma kaza da naman shanu sai yankan Musulmi. Uwar gidan ta karanta, ta gyaɗa kai, ba ta ce komai ba. Washegari sai ga sabon kasko da sabon ludayi rataye a ƙusa daban. Mutanen kudu sun saba maƙwabtaka da Musulmi, ta san rumfar wata mata mai ɗankwali da ke sayar da kaza a kasuwa tun kafin a haife ni.

Ba a zuba wa kowa miya a kwanonsa. Kowa da farantin shinkafarsa, sauran kwanonin suna tsakiya, ka ɗebi cokali ɗaya ko biyu daga wannan, ka cinye, ka koma wancan. Wanda ya tula komai a kan shinkafa lokaci guda ya nuna zari. Da cokali ake ci, cokali mai yatsu na tura abinci ne kawai. Kifi da jatan lande su suka fi yawa, wannan ya sauƙaƙa mini rayuwa. Akwai wata miya rawaya ta kifi mai tsami da kurkum, gaeng som, wadda wani lokaci ake sa mata 'ya'yan zogale. Su kwanson suke ci fiye da ganyen. Akwai wani koren wake mai wari, sator, da ake soyawa da jatan lande, wanda bishiyarsa 'yar'uwar ɗorawa ce ta jini. Zoɓo ma suna da shi, da ƙanƙara a leda. Amma yaji! Na tashi da yajin tsire, na ɗauka babu abin da za a nuna mini, sai da na gamu da miyar kayan cikin kifi, gaeng tai pla. Abincin kudu shi ya fi na ko'ina zafi a ƙasar, su da kansu suna faɗa. Ɗanyen ganye da kokwamba da ake ajewa a gefe ba ado ba ne, da su ake kashe wutar. Shinkafar kuma ba irin turararriyar da ake kawo mana daga can a buhu ba ce. Tasu ta gida fara ce, mai laushi da ƙamshi.

Wurin da za ka sa ido shi ne romo da mai. Miyar ganye ko taliyar bakin titi tana iya zama babu nama a ido, alhali da ƙashin alade aka dafa ruwan. A kanti ka nemi tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, mai siffar lu'ulu'u. A titi ka nemi rumfa mai alamar wata da tauraro. Can za ka samu khao mok, dafa-dukan kaza da kurkum, da miyar massaman, wadda asalinta ma girkin Musulmi ne.

Abin da ban zata ba shi ne a kan tabarmar cin abincin gidan na koyi aikin. Yaran gidan da ba sa iya haɗa jimla a aji, a gaban kwano sai ka ji suna ƙoƙarin gaya mini da Turanci cewa wannan ya yi yaji, wancan kada in ci ƙayar. Suna da abin faɗa, kuma sun fi ni sanin abin, shi ke nan baki ya buɗe. Daga nan na mayar da darussana kan abin da yara suka fi ni sani: yadda ake tsaga roba, yadda ake cinikin 'ya'yan itacen durian, hanyar zuwa gidan kakarsu. Ni ne ɗalibi, su ne masu bayani. Kakar gidan kuwa ba ta koyi kalma ɗaya ba har na tafi, ita dai ta ga farantina ya yi ƙasa ta ƙara.

Kuɗin abinci ba za su karɓa a hannu ba, kada ma ka matsa. Ka riƙa shigowa da 'ya'yan itace ko buhun shinkafa, ka zauna da yaran su yi aikin gida. Lesin na kuɗi a waje kuwa ka bincika tukuna, domin izinin aikinka da sunan makarantar aka yi shi. In azumi ya zo ka sanar da su da wuri, in ba haka ba za a yi ta aiko maka kwano da rana ana zaton ba ka da lafiya. Kuma ka taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure sosai a leda. Garin masara ana samu a manyan kantuna, kuma ran da ka tuƙa musu tuwo za su ci, ko da suna ta neman inda aka ɓoye sukari da lemun tsami.